Na Je Djougou da Kwamfuta, Na Dawo da Ƙyaure

Mun tashi da asuba daga unguwar Zongo ta Parakou, ni da 'yata ta fari, liman bai gama addu'ar bayan salla ba muna kan zemijan biyu, wato baburan haya, zuwa tashar motocin Djougou. Ita ta rungume jakar kwamfutarta a ƙirji, ni kuma ƙullin goro ne a aljihuna, na gaisuwar Goggo, tsohuwar gidanmu. Ban karya kumallo ba.

Ku da kuke bin abin da nake rubutawa kun san ni ba mai yawo ba ne. Kayan babur nake sayarwa, daga gida sai butik, wato shagona, daga butik sai masallaci. Abin da ya fitar da ni shi ne wannan. Asalin gidanmu a Djougou yake, garin da tsoffinmu suke kira Zugu, gidan wani madugun fataken goro. A cikin gidan akwai ɗakin ƙasa da ke kallon hanya, ɗakin kakana, a nan aka haifi ubana kafin ya zo Parakou neman abinci. Mai riƙe da gidan yanzu Alhaji ne, jikan babban ɗan madugu, ina kiransa Yaya don dole. Ya yanke shawarar rushe ɗakunan bakin hanya ya zuba butik-butik na haya. Da na ce a zauren dangi na waya a bar mana ɗakin kakana, sai ya aiko da saƙon murya, kowa na ji, cewa kakana ba ɗan madugu ba ne, yaro ne da aka ɗauko a hanya don ɗaukar kaya. Ya ƙara da cewa ko waƙar zango, wadda ake koya wa kowane yaro a gidan, mu 'yan Parakou a karkace muke yin ta.

Ni kuma na danna waya na ce masa ya jira ni, zan zo da 'yata da na'urarta mai karanta jini, a gaban kowa za a bambance. Haka na faɗa. Na sha jin yarinyar nan tana cewa aikinta a jami'a shi ne kwatanta ƙwayoyin gado, to me kuma ake nema? Ita dai na ce mata Goggo na son ganinta, ta zo da kwamfutar don tsohuwa ta ga abin da ake karantawa.

A tasha mun tarar da takisi ɗaya, tsohuwar mota mai dogon baya, ana jiran mutum uku. Kuɗin mota ya ƙaru tun zuwana na ƙarshe, shofer, wato direba, ya ce man payo ne ya yi tsada, wannan fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Ko man ya sauka ba za su rage ba, na san su. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ni da 'yata da wata Bafulatana mai roba cike da wagashi, cukun Fulani, da wani Bariba mai kaji a kwando ƙarƙashin ƙafarsa. Ina ta duba waya, ina ta yi wa shofer magana, har ya ce in na ƙosa in sayi kujerar da ta rage.

Mun wuce Tourou gari ya waye sosai. Wurin da na sani daji ne yanzu duk an kakkafa bulo, gidaje rabi-rabi ba rufi, kowa ya fara ya kasa. Daga nan sai gonakin kaju da kunyoyin doya, kore shar saboda damina, da buhunan gawayi a jere a bakin kwalta ba mai tsaro. Sabuwar doya ta fito, mata sun tsiba ta gida-gida, suna ɗaga wa mota hannu.

A nan na kasa haƙuri na tambaye ta. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka uwata nake ce mata.

"Uwata, jinin nawa za ki ɗiba? Allura ce ko tsaga?"

Ta juyo ta dube ni. "Wane jini, Baba?"

Na gaya mata komai, da murya ƙasa-ƙasa, amma a motar da gwiwarka ke cikin haƙarƙarin maƙwabcinka babu ƙasa-ƙasa. Ta saurare ni har na kai ƙarshe. Sannan ta ce in ba ta carbina. Ta riƙe shi a miƙe ta ce kowace halitta, mutum ko sauro ko doya, abin da ta gada yana jere ne a cikinta kamar 'ya'yan carbi a zare. Wani lokaci, cikin shekaru masu yawan gaske, sai wani yanki na zaren ya tsinke ya koma a juye, kansa ya zama gindi, ko ya tashi ya koma wani wuri. Manhajar da take aiki da ita, abin da suke kira lojisiyel, tana shimfiɗa zaren halitta ɗaya a sama, na ɗayar a ƙasa, ta ja layi tsakanin kowane ɗa da ɗan'uwansa. Inda jeri bai canza ba layukan suna sauka a miƙe. Inda aka juya sai su harɗe.

Na ce, "To madalla. Sa nawa a sama, na Alhaji a ƙasa."

Ta ce, "Baba, in na sa naka da na Alhaji, layuka a miƙe za su fito. In na sa naka da na shofer ɗin nan ma haka. Da na Bature ma haka. 'Yan Adam kusan duk jerinmu ɗaya. Ni sauro nake kwatantawa, na daji da na gari, in ga inda suka bambanta."

"Sauro."

"Sauro, Baba. Tun bara nake gaya maka."

Mai kaji ya juyar da kai wajen taga, kafaɗarsa na rawa. Ni da aka cire daga lekol, wato makarantar boko, ina aji biyu na kolej aka kai ni tsaron kanti, na rantse 'ya'yana sai sun yi karatun da aka hana ni, na hana kaina sabon babur shekara da shekaru, ashe sauro ake karantawa. Na ce mata to ba za ta iya buɗe abin ta nuna musu layuka ta ce ga shi nan ba? Su wa suka san sauro a cikinsu? Ta miƙo mini carbina ta ce ba za ta yi ba.

Kafin Bétérou hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, maɓallin goge gilashin motar kuma ba ya aiki, shofer ya fito da hannu yana sharewa da tsumma. Dab da gadar kogi taya ta yi faci. Muka fake a rumfar wata mai sakwara. Gaskiya sakwarar sabuwar doya ce mai kyau, da miyar gyaɗa da wagashi soyayye, kuma ta fi ta Parakou araha da yawan loma. 'Yata ta ci. Ni na yi loma biyu na tashi, ina zagaya rumfa, ina leƙa mai faci, ina kallon motocin da ke komawa Parakou. Sau biyu na kusa tsayar da ɗaya. Waya kuma ba ta daina ƙara ba, wannan ya ce kun iso ina, wancan ya ce an shimfiɗa tabarmi, wata ƙanwa ta ce har maƙwabta sun zo ganin na'ura. Kogin ya cika ya yi ja, masunta na zaune a kan kwale-kwalensu ba abin da ya dame su. Na tsaya ina jin haushinsu ba dalili.

Da aka gama faci muka nufi Partago, kaji na ta kuka a kwando. Manyan motoci na wuce mu suna watsa mana ruwan kwata ta tagar da ba ta rufuwa.

Mun shiga Djougou rana ta ɗaga. Garin nan ba ya canza hali, hanyoyi sun haɗu a tsakiyarsa, ta Natitingou, ta Togo, ta kudu, ta wajenmu, kowa da kayansa kowa da hayaniyarsa. Yaren Dendi a ko'ina, Hausa a bakin masu goro da masu tufafi, Faransanci a bakin yara. Masallatai kuwa in ka bar ƙofar wannan kana jin alwalar wancan. Masu goro har yanzu suna yayyafa wa ganye ruwa kamar yadda ubana yake yi, sai dai goron yanzu a mota yake zuwa, ba wanda ya taka ƙasa dominsa.

Abin da na fara gani a ƙofar gida shi ne tulin yashi da bulo. Alhaji bai jira kowa ba. Ɗakin kakana na nan, bangon ya tsage, ƙyaurensa na katako baƙi ƙirin da tsufa, mai kauri, da manyan ƙusoshin maƙera. A tsakar gida mutane sun cika, Goggo a kan tabarma an jingina ta da filo. Ita ce ƙanwar uban Alhaji, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga kakana da ido. Na durƙusa na gaishe ta na ajiye goro. Ta shafa kan 'yata ta ce ta yi kama da mai sunanta.

Ba a gama shan ruwa ba Alhaji ya naɗe hannun riga ya miƙo damtse.

"To likita, ga ni. A nan za a tsaga ko a wuya? Ki yi a hankali, jinin madugu ne, ba a zubar da shi a ƙasa."

Aka yi dariya. 'Yata ta durƙusa ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, abin nan ba ya gwada jini. Baba bai fahimce ni ba ne. Aikin sauro nake yi da shi."

Ba zan kwatanta muku dariyar da aka yi ba. Har matan da ke bakin murhu sai da suka fito. Alhaji ya share hawaye ya ce ai kuwa ya dace, sauro ma jinin mutane yake sha ya ce nasa ne. Na miƙe tsaye ban san abin da zan yi ba. Sai ya ce in zauna, tunda na'ura ta ƙi, a koma ta gargajiya, in yi waƙar zango mutane su ji.

Waƙar nan jerin garuruwan da ayari yake sauka ne, tun daga ƙasar Hausa har Salaga ta Gwanja inda ake sayen goro, kowane gari da ɗan kirarinsa. Da ita ake lallashin yara a gidanmu. Na yi ta yadda ubana ya yi mini. Da na zo ƙarshe na ce Nikki, Parakou, Zugu, Bimbila, Kirikiri, Alejo, Semere, Salaga. Yaran gidan suka fara ƙyalƙyata. Alhaji ya sa su suka yi tasu baki ɗaya, Nikki, Parakou, Zugu, Semere, Alejo, Kirikiri, Bimbila, Salaga. Ya ce wa ya taɓa jin an fita Zugu an faɗa Bimbila? Semere ga ta nan kusa, ko jaki ya san haka.

Ban lura ba ashe 'yata ta buɗe kwamfuta a kan cinyarta. Ta ce mu sake yi a hankali daga farko, ni sannan su. Ta ba kowane gari lamba kamar yadda take ba ƙwayoyin gadon sauronta, ta zuba wa manhajar, ta juyo da fuskar kwamfutar wajen jama'a. Waƙarsu a sama, tawa a ƙasa, kowane gari da launinsa. Tun daga farko layuka suna sauka a miƙe, ɗaya bayan ɗaya, har Zugu. Daga nan sai suka harɗe wuri guda kamar an murɗa tsumagiya, sannan na Salaga ya sauka a miƙe shi kaɗai.

Ta ce, "Babu garin da ya ɓata, babu wanda aka ƙara. Wanda ya manta abu warwatsa shi yake yi. Wannan yanki ɗaya ne cif, aka ɗauke shi aka juya."

Na ce, "Kun ji ko? Waƙa ɗaya ce."

Goggo ta ce a matso mata da abin. Idonta ba ya gani sosai, sai da 'yata ta karanta mata sunayen da ke wurin harɗewar. Ta daɗe tana tauna baki.

"Bimbila, Kirikiri, Alejo, Semere," in ji ta. "Ai wannan tafiyar mai tahowa ce. In daga Salaga ka taso, haka za ka same su."

Alhaji ya buɗe hannuwa ya dube ni.

Goggo ta ci gaba, ba ni take kallo ba, ƙyauren take kallo. Ta ce tana yarinya ta sha jin kakana yana yin waƙar haka, ana gyara masa yana ƙi. Ta taɓa tambayarsa, ya ce mata da aka taho da shi yana ƙarami, a kan jaki, a gaban madugu, duk garin da aka sauka sai ya riƙe sunansa, don ran da ya girma ya bi su ya koma wurin uwarsa. Bai taɓa komawa ba.

Na ce, "A gaban madugu, Goggo. Wa ke ɗora ɗan dako a gabansa? Uwar yaron matarsa ce a Salaga, ɗansa ne."

Alhaji ya ce, "Ko kuma yaron ƙafarsa ta kumbura. Kaya ma a gaba ake ɗorawa."

Muka juya wajen Goggo. Ta ce ita ma ta tambayi uwarta wannan, aka buge mata baki, ba ta sake ba.

Sai na dubi 'yata. Na ƙura mata ido yadda uba yake yi wa ɗansa a cikin mutane, ta kuma gane sarai. Kalma ɗaya nake so, ta ce na'ura ta nuna. Duk gidan sun riga sun yarda da layukan nan, har Alhaji ya matso yana leƙe. Na ce, "Uwata, faɗa musu abin da ya nuna."

Ta ce, "Ya nuna an juya, Baba. Ba ya nuna dalili. A sauro ma haka yake."

Shi ke nan, ɗakin ya tafi. Ba wanda ya tsaya mini. Alhaji ya ce magina jibi za su fara, in ina da wata na'urar in kawo kafin nan. Aka kawo tuwo ban ci ba. Ina neman takalmina Goggo ta ɗaga murya, irin yadda ban zaci tana da sauranta ba, ta ce ƙyauren nan ba na madugu ba ne, kakana ne ya sare itacen ya sassaƙa da hannunsa lokacin da zai yi aure, tana da labari. Ɗa ne ko ba ɗa ba ne, ƙyaurensa ne, a cire wa jikansa. Alhaji ya ce ai an rage masa kuɗin kwashe shara. Ni da wani magini muka zare shi daga bango. Nauyinsa kamar gawar namiji.

Bayan la'asar muka koma tasha da shi a amalanke. Shofer ya zagaya shi ya ce wannan sai kuɗin mutum guda. Na yi ciniki har makogwarona ya bushe, ƙarshe na biya wa ƙyaure kujerar da bai zauna ba, aka ɗaure shi a sama tare da buhunan doya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ya buga rufin mota a saman kaina, sai in sa a tsaya in duba igiya, har fasinjoji suka fara tsaki.

Na juya wa 'yata ƙeya. Ina kallon taga. Muka wuce Partago, da safe ita ce ta ƙarshe, yanzu ita ce ta farko. Sannan gadar Bétérou, mai sakwara tana wanke turmi. Sai na tsinci bakina yana lissafawa, Partago, Bétérou, saura Tourou. Na tuna yaro a kan jaki yana yin haka nan, da yaren da ban ma san ko wanne ba ne, yana nisa da wata mata wadda duk zuriyarmu babu wanda ya san sunanta. Shekaruna hamsin da ɗoriya ina fama a kan wane ne uban kakana, ban taɓa tambayar uwarsa ba sai yau, kuma wadda za ta iya sani an buge mata baki tun tana yarinya.

Wajen Tourou na ce, ban juya ba, "Sauron naki, in yankin ya juye, mutuwa yake yi?"

Ta ce, "A'a. Wani ma shi ke sa ya jure fari."

Na ce to.

Mun iso Zongo ana kiran isha. Ƙyauren bai shiga kowace ƙofa ta gidana ba, gidan siminti ne, ƙofofinsa dogaye ne sirara, shi kuwa gajere ne mai faɗi. Yanzu yana butik, jingine a bayan tayoyi, masu saye suna tambaya ko na sayarwa ne.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Kada ka yi alkawari da ilmin da ba a kanka yake ba, ko da kai ka biya kuɗinsa. Kada ka hau motar da gilashinta ba ya gogewa a damina. Kuma in ka kai ɗa karatu, ka sani ranar da kake bukatar ya yi maka ƙarya ba zai yi ba. Har yau ina jin haushinta, ba zan ɓoye muku ba, amma na gaya wa uwarta a bar ta ta ƙarasa sauronta. Alhaji ya turo hoton wurin a zauren dangi, an rushe, an fara zuba harsashi. Na kife wayar. Jiya ƙaramin jikana ya ƙi barci, na ɗora shi a cinya na yi masa waƙar zango, kuma da na fita Zugu, Bimbila na faɗa.